Manifol ɗin tsere ba na titin Garwa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin samarinmu da suka duƙufa wajen raya tsofaffin motocin Amurka masu manyan injina. Abin yana faranta mini rai, don a kan irinsu na koyi aiki. Sai dai ina ganin ana zubar da kuɗi a kan manifol, wato ƙarfen nan da kafireta ke zama a kansa, mai raba iska da fetur ga silinda takwas.

Injin da ya fi zuwa garejina shi ne Chevrolet 454 mai lita 7.4, wanda ya fito a 1970, bayan 396 na 1965. Manifol ɗinsa iri biyu ne. Akwai mai ɗaki biyu: an raba cikinsa, kowane ɓangare yana ciyar da silinda huɗu, hanyoyinsa dogaye ne, iska na bin su da gudu tun injin yana juyawa a hankali, kafireta kuma na jin zuƙa sosai. Shi ke ba mota ƙarfin tashi. Akwai kuma mai ɗaki ɗaya, buɗaɗɗe, na 'yan tsere, wanda ba ya farkawa sai injin ya haura juyi 3,000 a minti. To, tsakani da Allah, wa ke kai 454 can tsakanin babbar kasuwa da gadar Binuwai? Kamfanin Edelbrock da kansa ya rubuta cewa manifol ɗinsa Performer, mai ɗaki biyu, yana aiki tun daga tsaye har juyi 5,500, Performer RPM kuwa daga 1,500 zuwa 6,500. Duk tuƙinmu yana cikin nan, har hawan tsaunin hanyar Ngaundare.

Kwanakin baya wani yaro, ɗan maƙwabcina, ya kawo mini motar mahaifinsa ƙirar Chevrolet Suburban. Ya yi odar manifol mai ɗaki ɗaya ta Duwala saboda ya gan shi yana ƙyalli a bidiyo. Motar na shaƙewa in za ta tashi, fulogoginta baƙi ƙirin. Da na kwance, na ce masa: ɗana, miƙo yatsanka. Ya sa a bakin ramin, ya ji tudu. Ramukan manifol ɗin masu kusurwa huɗu ne, manya, na kan injin kuwa masu siffar ƙwai ne. Iska na zuwa ta ci karo da ƙarfe, gaskit ma bai zauna daidai ba. Waɗannan injina suna zuwa da kai iri biyun nan, don haka kafin a biya ko sefa ɗaya a ɗaga tsohon manifol a duba. Wanda kuma ya ciro injin 366 daga babbar mota ya sani gangar jikinsa ta fi tsayi, manifol na ƙaramar mota ba zai hau ba sai da ciko.

Sai batun zafi, wanda masu bidiyon can ba su san shi kamar mu ba. Manifol na asali yana da wata hanya da hayaƙin salansa ke bi ta ƙarƙashin kafireta domin ɗumama ta, an yi ta ne don ƙasashen sanyi. A Garwa, a Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Ka kashe mota ka shiga masallaci, kafin ka fito fetur ya tafasa a kafireta, ka yi ta murza makulli. In zuwa-zuwa aka sha, wato fetur ɗin bumburutu na bakin titi, abin ya fi muni. Ni nakan toshe wannan hanya, in sa ciko marar ɗaukar zafi ƙarƙashin kafireta. Akwai kuma manifol na alminiyam mai sarari a ƙasa da iska ke ratsawa, amma yana da tsayi. Domin a san ko bonet zai rufu, a ɗora curin laka a kan tukunyar tace iska, a rufe bonet a hankali, a buɗe a ga kaurin da ya rage.

A kuma duba gindin kafireta. Kafireta ƙirar Quadrajet ramukanta na gaba ƙanana ne, na baya manya, yawancin ƙirar Holley kuwa huɗun sun yi kusan daidai, mazauninsu ba ɗaya ba ne.

Malam Edita, da za ku ware mana shafin kanikanci ko sau ɗaya a wata, mu na Garwa da Marwa da Njamena a shirye muke mu amsa tambayoyin masu karatu.

Naku,
Wani bakanike
Garwa, Kamaru