Makon farko ma na karatu ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyaye 'yan'uwana da malamai da hukuma, kan wani abu da muka saba da shi har ya daina damunmu. Ina nufin yadda muke zubar da makon farko, wani lokaci har da na biyu, na kowace sabuwar shekarar karatu a makarantun firamaren gwamnati na cikin birnin Kano.

Ni tela ne, shagona yana yankin Gwale, kuma ina cikin kwamitin al'umma mai kula da firamaren unguwarmu, wanda ake kira SBMC. Sana'ata ta sa ko ban ji sanarwa a rediyo ba, na san hutu ya ƙare. Da Satumba ta kama sai iyaye su fara shigowa da ledar yadi daga Kantin Kwari, wani da tsohon wando a ƙara masa tsawo, wata da hijabin yaya a rage wa ƙanwa. Sai dai cunkoson ba ya zuwa kafin a buɗe makaranta, sai bayan an buɗe. In na ce wa uba, "Alhaji, ai tun Litinin aka koma," amsar ɗaya ce kullum: "Haba Malam, ai satin farko shara ake yi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya ya faɗa ba. Bana na kai autata aji ɗaya da kaina. Daren da za a wayi gari yarinyar nan ba ta yi barcin kirki ba don ɗoki, takalmin sandal ɗinta ma kusa da kanta ta ajiye shi. Muka isa kafin ƙarfe takwas. Tafasa da rai-ɗore sun cika harabar har gwiwa, ruwan damina ya kwanta a bakin ƙofa, wani ajin kashin awaki ne a ciki, wani kuma iska ta yaye masa kwano tun tsakiyar damina. Manyan yara maza an ba su lauje, mata an ba su tsintsiya. Malamai na ƙarƙashin darbejiya suna rubuta sunayen sababbin shiga, iyaye sun yi musu rumfa. Su kuwa 'yan aji ɗaya, waɗanda ranar ce ranarsu, an tara su a ɗaki guda a ƙasa, rabinsu na kuka, babu babba ko ɗaya a kansu. Kafin sha ɗaya an tashe su. Haka aka yi Talata, haka aka yi Laraba. Ranar Alhamis da na ce ta shirya, sai ta dube ni ta ce, "Baba, yaushe za a fara makarantar?"

Ba na ɗora laifin a kan malaman nan, na san su, yawancinsu mutanen kirki ne masu aiki cikin ƙunci. Abin ya zama kamar igiya ce ta ɗaure mu duka. Uba ya ce ba a karatu, sai ya bar yaro a gida. Malami ya shiga aji ya tarar da kashi ɗaya cikin uku na yaransa, ya ce in na fara yanzu sai na maimaita, bari su cika. Yaron da ya je ya koma gida ya ce yau ba a yi komai ba, maƙwabci ya ji, ya ƙara samun hujja. Kowa yana jiran kowa.

Mu yi lissafi. Zangon farko bai fi mako 13 ko 14 ba. Cire makon bita da na jarrabawa da na rubuta sakamako a ƙarshe, sannan ka cire biyu a farko. Me ya rage wa yaron da ake son ya san baƙaƙe da wasula kafin Disamba? A layinmu akwai makarantar kuɗi, ranar farko da komawa suke ba yara gwaji, kuma ba uban da ke barin ɗansa a gida, don ya san abin da ya biya. Ɗan talaka, wanda ba shi da malamin lesin, ba shi da littafin karantawa a gida, shi ne kuma muke rage wa kwanakin da yake da su. Ga 'ya'ya mata abin ya fi muni. Yarinyar da aka bari a gida mako biyu ba zaune take ba, farantin talla ne a kanta, kuma in ciniki ya yi daɗi uwa ba ta son a katse shi. Na san gidajen da "sai sati mai zuwa" ta zama sai baɗi.

Ni ɗan UPE ne. A 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE, aka sa ni aji ɗaya. Ba a tambayi takardar haihuwa ba, hannu aka ce in ɗora bisa kai in taɓo kunne. Azuzuwa ba su isa ba, wasunmu a inuwar bishiya muka fara. Amma ban manta ba, a ranar farko malaminmu ya jingina allo, ya rubuta a, e, i, o, u, muka yi ta rerawa har muka tashi. Na koma gida ina jin na zama wani abu. Wannan jin shi nake nema wa 'yata, kuma ba kuɗi ake saye shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro kuma abin da ya gani a kwanakinsa na farko shi zai ɗauka makaranta ke nan.

Ban ce gwamnati ba ta da nata kason ba, nata ne ma babba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma wajibi a jihar nan, a Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk mun ji, mun yi murna. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, duk wanda ya leƙa azuzuwan cikin gari ya san tazarar da ke tsakanin wannan da abin da ido ke gani. Gina aji da ɗaukar malamai da mayar da kwano ba aikin tela ba ne. Roƙona ga masu wannan alhaki ɗaya ne a yau: duk canjin wurin aiki da za a yi wa malamai, da rabon alli da rajista da littattafai, a gama shi a cikin dogon hutu, kowane malami ya san ajinsa kafin ranar buɗewa.

Amma yankan ciyawa fa? Shi ma sai an jira kasafin kuɗi? Mu da muka gaji aikin gayya, muke haɗuwa mu yashe kwata, mu gyara maƙabarta, mu yi wa masallaci fenti kafin azumi, me ya hana mu ba makarantar 'ya'yanmu safiyar Asabar guda? A nan dole in fara da kaina. Kwamitinmu bai zauna ba sai da aka yi kwana goma da komawa, kuma na ji kunyar haka ƙwarai. An kafa irin wannan kwamiti ne don a sami mai unguwa da liman da iyaye mata da matasa da tsofaffin ɗalibai a kan tabarma ɗaya da shugaban makaranta. In ba mu taru kafin buɗewa ba, ban san amfanin sunayenmu a takarda ba. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, matasan unguwa su fito da lauje da shebur, mai buhun siminti ya kawo, kafinta ya duba benci, a cike ramin da ruwa ke kwanciya, don watan Satumba lokacin sauro ne kuma zazzaɓi ma yana cinye wa yara kwanaki. A duba ban ɗaki da tuƙa-tuƙa. Yarinyar aji biyar ko shida ba za ta zauna a makarantar da babu wurin kewayawa ba.

Rajistar sababbin yara ma a mayar da ita makon ƙarshe na hutu. Uba ya nemo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun da wuri, ya kai yaro a rubuta shi, ya ga ajinsa, ya gaisa da malaminsa. Ranar Litinin sai malami ya kasance a gaban allo, ba a kan teburin rubuta suna ba.

Sai maganar yunifom, wadda ta shafe ni kai tsaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, na ga magidanta masu rufin asiri suna kawo yadin yaro ɗaya alhali yaransu huɗu ne. Ina roƙon shugabannin makarantu kada a kori yaro a makonnin farko don ya zo da kayan gida, in dai masu tsabta ne. Ina roƙon iyaye kada su ce sai an gama ɗinki. Teloli 'yan'uwana kuma, don Allah in Agusta ta raba, mu sa kayan makaranta a gaban ankon biki. Ni na yanke wa kaina haka, ko da mai anko zai yi fushi.

Kai ma, Malam Edita, ina da buƙata a wurinka. Duk shekara kuna buga mana sanarwar ranar komawa, mun gode. Ku ƙara da tura wakilanku ranar Litinin ɗin farko da ƙarfe takwas, ba tare da an sanar ba, su shiga firamare a Dala da Fagge da Ungogo da Kumbotso, su faɗa mana inda suka tarar da rubutu a allo da inda suka tarar da tsintsiya. Inda aka yi abin kirki a ambaci makarantar, a yaba wa malamanta, don sun daɗe ba su ji yabo ba.

Mu a unguwarmu mun tsayar da magana da mai unguwa da shugaban makaranta cewa Asabar ɗin ƙarshe kafin zango na biyu, a watan Janairu, za mu fito gayya da hantsi, kuma kowane ɗan kwamiti zai bi gidajen layinsa daren Lahadi ya tuna wa iyaye. Malamar aji ɗaya ta yi mini alkawari ranar Litinin ɗin za ta fara darasi ko yara goma ne a gabanta. In Allah ya kai mu, ina gayyatar wakilinka ya zo ya gani.

Naka,
Wani uba kuma tela,
Gwale, Kano.