Rahoton Ayyukan Shekara: Hunturunmu a Sudbury da Batun Motoci Masu Ƙafar Katafila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Sudbury da kewaye, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai turo nasa daban, saboda haka ba za ku ga maganar asusu a nan ba.

Ayyukanmu na yau da kullum sun tafi yadda aka saba, alhamdu lillahi. An tarbi sababbin ɗaliban jami'ar Laurentian da kwalejin Cambrian, kuma waɗanda suka sauka a watan Janairu sun fi ba mu aiki, domin har yanzu akwai mai baro gida da rigar sanyin da ta ishe shi a hunturun Kano yana zaton za ta ishe shi a nan. Iyayenmu mata ne suka tattara manyan riguna da takalma da safar hannu, Allah ya saka musu da alheri. An yi suna, an yi ta'aziyya, an sha ruwa tare a watan azumi. Ajin Hausa na yara na ranar Asabar ya yi rauni tun tsakiyar shekara, kuma laifinmu ne mu iyaye da ba mu kai yaran a kan lokaci. Wannan sai mun gyara.

Abin da ya fi cin lokacin kwamitin zartarwa bana shi ne aikin kwamitin hunturu, musamman taƙaddamar da ta taso a kan hanyar baburan ƙanƙara. A kanta zan tsaya, domin maganar ta shiga gidaje, har ta so ta taɓa zumunci.

Ga waɗanda suka zo kwanan nan, bari in ɗan koma baya. Babur ɗin ƙanƙara, wanda mutanen nan da yawa ke kira da sunan Ski-Doo ko da wane kamfani ne ya ƙera shi, ɗan ƙasar nan ne. Joseph-Armand Bombardier, mutumin garin Valcourt a lardin Kebek, ya rasa ƙaramin ɗansa a hunturun 1934 saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Ya duƙufa a kan ƙera abin hawan da ƙanƙara ba za ta tsayar ba, kuma a 1959 Ski-Doo ya shigo kasuwa. Yau a Ontariyo kaɗai akwai hanyoyin waɗannan babura da suka kai kimanin kilomita 30,000, ƙarƙashin tarayyar kulob-kulob ta OFSC da aka kafa a 1967. Ba gwamnati ce ke share su ba. 'Yan sa kai ne, da kuɗin takardar izinin da kowane mahayi ke saya duk shekara. Mu ma da muka fara sha'awar hawa, ta ƙofar aikin gayya muka shiga kulob ɗin unguwarmu, kuma sun karɓe mu hannu bibbiyu.

Bana matasanmu sun fita tun watan Oktoba, kafin dusa ta sauka. Sun sassare itatuwan da iska ta kayar a kan hanya, sun datse rassan da ke iya tsone wa mahayi ido, sun kafa turaku da allunan gargaɗi, sun canza katakan wata 'yar gada da suka ruɓe. Bayan abin da muka gani a hunturun 2023 zuwa 2024, wanda ya zama mafi ɗumi a tarihin Kanada har hanyoyi da dama suka kwana suka tashi da jar alama, wato a rufe, a taswirar OFSC, kowa ya shiga wannan kaka da ƙishirwa. Da alamar ta koma koriya, murna ba a magana.

Ana cikin haka ne wasu 'yan uwanmu suka kawo wa kwamiti buƙata. Sun mallaki irin ƙananan motocin dajin nan masu kujeru gefe da gefe, kamar Polaris Ranger da Can-Am Defender, kuma sun cire tayoyi sun sa musu ƙafafun roba guda huɗu irin na katafila, waɗanda kamfanoni irin su Camso ke ƙerawa. Suna so ƙungiya ta rubuta wa kulob takarda da sunanmu duka, a nemi a bar su su bi hanyar babura.

Ina so a san cewa ban raina hujjarsu ba, kuma babu wanda ya raina ta a kwamiti. Motar tana da rufi da gilashi da na'urar ɗumama ciki. Dattijon da gwiwa ta hana shi hawa babur zai iya shiga. Uwa za ta iya zama da 'ya'yanta cikin ɗumi su ga dajin da mazajensu ke ba su labari. Wata daga cikin iyayenmu mata ta faɗa mana a taro cewa shekara da shekaru tana dafa wa masu aikin hanya shayi da ƙosai, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin hanyar da idonta ba. Maganar ta taɓa ni. Sun kuma ce ƙafar katafila tana baza nauyi a kan dusa, ba ta nutsewa kamar taya, kuma wannan gaskiya ne. Sun ce a shirye suke su biya kuɗin izini kamar kowa.

Duk da haka kwamiti bai rubuta takardar ba, kuma ina cikin waɗanda suka ce kada a rubuta. Ga dalili.

Hanyar nan ba tamu ba ce, ba ta kulob ba ce. Aro ce. Wani yanki mai yawa nata yana ratsa gonaki da filayen mutane, kuma kowane mai fili da kansa ya sa hannu ya yarda a wuce ta cikin nasa, kyauta, a lokacin hunturu kaɗai, da babur ɗin ƙanƙara kaɗai. Inshorar da ke kare shi idan wani ya ji rauni a filinsa, a kan wannan sharaɗin aka ɗaura ta. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasarmu ya san burtali, ya kuma san abin da ke faruwa ranar da garke ya kauce ya faɗa gona. Bambancin kawai, a nan manomi ba ya faɗa da kowa. Ƙofa yake jawowa ya sa kwaɗo, shi ke nan, hanyar da aka yi shekaru ana lallaɓawa ta yanke gida biyu.

Na ga hakan da idona a watan Fabrairu. Wani dattijon manomi ya rufe ƙofarsa, shugaban kulob ya ce in raka shi mu ba shi haƙuri. Ya zaunar da mu a kicin ɗinsa, ya zuba mana shayi, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Sai ya sa takalmi ya kai mu bayan rumbun ciyawarsa. A nan wata mota mai ƙafar katafila ta bar turakun hanya ta shiga fili don ta juya, domin hanyar ta yi mata ƙunci. Inda ta murɗa, ta kwashe dusar har ƙasa, ga saiwar ciyawar da yake noma wa dabbobinsa a waje, baƙi ƙirin, sanyi ya ƙone ta. Ya tsuguna ya ɗebo da hannu ya nuna mana. Ba mu san ko motar wane ne ba, kuma ina da yaƙinin ba ta ɗan ƙungiyarmu ba ce. Amma shi bai tambayi ko ta wa ce ba. Abin da ya sani, ya ba da izinin abu ɗaya, an kawo masa wani. Sai da aka yi ta kai-komo kafin ya cire kwaɗon, kuma duk tsawon kwanakin nan mahaya sai dai su kewaya ta bakin titi.

Na biyu shi ne faɗi da gudu. Babur ɗin ƙanƙara faɗinsa bai cika wuce mita 1.2 ba, kuma da wannan ma'auni aka yanke hanyoyin daji da gadojinsu, yadda biyu za su gifta juna. Yawancin motocin nan suna kai mita ɗaya da rabi tun suna kan taya, ƙafar katafila kuma ƙara musu faɗi take yi. Sannan tana rage musu gudu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dokar Ontariyo ta tsayar da gudu a kan hanyar babura a kilomita 50 cikin awa. Ku auna mahayin da ya shawo kwana tsakanin itatuwa a kan wannan gudu, ya tarar da abu mai faɗi ya cika hanya yana tafiyar hawainiya, dama itace, hagu itace. Na cikin mota yana da ƙarfe da bel da suka kare shi. Na kan babur hular kwano kawai gare shi. Kuma a cikin mahayan akwai yaranmu, tunda doka ta yarda ɗan shekara 12 da ya samu lasisin babur ɗin ƙanƙara ya hau hanya.

Akwai kuma wahalar masu gyara. Wani dare na bi direban giredar ƙanƙara, mun fita bayan isha'i ba mu dawo ba sai gab da asuba. Da dare ake aikin domin dusar da aka baje aka danne tana bukatar sa'o'i cikin tsananin sanyi kafin ta kama jikinta. Idan ka waiga ta gilashin baya, sai ka ga hanya ta kwanta sumul a hasken fitila kamar sabon daɓe. Direban nan da safe zai tafi wurin aikinsa na neman abinci, ba a biyansa ko sisi. Duk abin da ya taka hanyar kafin ta kama, sawunsa daskarewa yake yi ya zama kwari, kuma ƙafafun sulun da ke gaban babur suna faɗawa cikin kwarin su ƙwace wa mahayi kan abin hawansa. A nan dole in yi adalci: mahayan babur masu murza wuta a kan sabuwar hanya su ma suna ɓata ta, kuma akwai namu a cikinsu, mun yi musu magana. Amma ɓarnar wani ba ta zama izinin ƙaro wata.

'Yan uwanmu masu motocin sun ce ai akwai wuraren da aka yarda. Haka ne, sai dai a duba yadda aka yarda. Jihar New Hampshire ta Amurka ta sa ma'auni: abin da za a lissafa a matsayin babur ɗin ƙanƙara kada ya wuce inci 54 a faɗi, kada ya wuce fam 1,200 a nauyi. Manyan motocin da ake magana a kansu, da ƙafafun katafilarsu, ba za su shige wannan ƙofa ba. Maƙwabtanmu na Kebek kuwa raba gari suka yi: masu baburan ƙanƙara da tarayyarsu da hanyoyinsu kimanin kilomita 33,000, masu ƙananan motocin daji masu ƙafa huɗu su ma da tasu tarayyar da nasu hanyoyin na hunturu. A ganina wannan ne ya fi kusa da maslaha. A Ontariyo dai hanyoyin OFSC na baburan ƙanƙara ne masu takardar izini, kuma ƙaramin kulob ba shi da ikon sauya wannan ko da mun rubuta takarda goma. Da mun rubuta, abin da za mu samu kawai shi ne mu jefa mutanen da suka karrama mu cikin jin nauyin ce mana a'a.

Ba mu tsaya a kan hani kawai ba, domin buƙatar iyayenmu ta gaskiya ce. Kusan kashi 87 cikin ɗari na ƙasar Ontariyo filin gwamnati ne, kuma a arewacin nan akwai tsofaffin hanyoyin masu yankan katako da ba sa cikin hanyoyin babura. Kwamiti ya tuntuɓi masu kulob ɗin ƙafa huɗu, suka nuna mana inda ya halatta a bi. A farkon Maris muka yi fita ta musamman a irin wannan hanya, motocin katafila a gaba ɗauke da dattawa da iyaye mata, matasa na biye a kan babura. Mahaifiyar tamu mai shayi da ƙosai tana kujerar gaba. Da aka tsaya a bakin wani tafki ta fito ta daɗe tana kallon farin fili da bai da iyaka, tana ta tasbihi. Ba mu bar kowa ya hau kan tafkin da mota ba. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce babur ɗin ƙanƙara ma sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 25, balle abin da ya ninka shi nauyi, ga shi kuma yanayi ya fara juyawa.

Na san har yanzu akwai waɗanda ransu bai yi daɗi ba, musamman ɗan uwanmu da ya kashe kuɗi mai yawa a kan ƙafafun motarsa da zaton hanya za ta buɗe masa. Yaya, ka yi haƙuri, da mun san kana shirin saye da mun faɗa maka tun kafin ka biya. Daga yanzu duk mai niyyar sayen irin wannan kaya ya fara tuntuɓar kwamitin hunturu.

Abubuwan da kwamitin zartarwa ke neman amincewarku a kansu a babban taro su ne: a mayar da fitar dattawa ta zama ta kowace shekara, sau biyu idan hali ya yi, masu motocin katafila su yi rajista da kulob ɗin ƙafa huɗu, ƙungiya kuma ta tura musu masu aikin gayya kamar yadda take tura wa na babura, sannan a kai wa manoman da hanya ta ratsa filayensu ziyarar godiya kafin dusa ta sauka, da ɗan abin hannu daga girkin iyayenmu mata. Masu babura kuma a tuna takardar izini ta fi araha ga wanda ya saya da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura aikin tsige turaku da kwashe alluna daga gonaki, wanda dole a gama da zarar dusa ta narke, kafin manoma su shiga da taraktocinsu. Muna neman mutum biyu masu a-kori-kura da matasa masu dogayen takalman roba, domin laka za a sha. Mai iko ya ba shugaban kwamitin hunturu sunansa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya