Koke Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Hayaƙin Da Ke Tashi a Sakkwato

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III, ta hannun Hakiminmu.

Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka ne, 'yan kifi da malaman makaranta da manoman fadamar Rima, mun zo da kuka a kan hayaƙi.

Duk yamma ana cinna wa juji wuta har da ledoji, ana babbakar kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi, janareto na ruri ƙofa-ƙofa, ga buhunan gawayi na shigowa gari daga dajin da ya riga ya yi sanƙo. Tari da ciwon ido, wannan kowa ya gani da idonsa. Abin da ba a gani shi ne iskar kabon dayoksaid da ke tashi tare da hayaƙin.

Ranka ya daɗe, malaman kimiyya sun tabbatar da cewa teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan iska da ɗan Adam ke fitarwa. Idan ta narke a ruwa sai ta zama asid. Ma'aunin pH na saman teku, wanda ke raguwa idan asid ya ƙaru, ya sauko daga kusan 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. A ido kamar ba komai, amma ƙarin asid ne na kusan kashi 30 cikin 100. Murjani, wato halittar da ke girma kamar dutse a cikin teku, da ƙananan halittu masu ƙwanso suna gina jikinsu ne da sinadarin alli, asid kuwa hana su yake yi. Cikinsu akwai abincin ƙananan kifaye, a cikin murjani kuma kifi ke fakewa.

Wani zai ce ina ruwan Basakkwace da teku? To, kifin ƙanƙarar da ke cika kasuwanninmu, wanda mai ƙaramin ƙarfi ke sa wa miya ranar da nama ya gagara, daga can yake zuwa. Kuma iskar nan ce dai ke ƙara wa duniya zafi, mu da muka san yadda Afrilu take a garin nan ba sai an yi mana bayani ba.

Mun sani namu hayaƙin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na Sin da Amurka. Sai dai Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar duniya, ta kuma yi Dokar Sauyin Yanayi a 2021, har ta ɗauki alkawarin daidaita iskar da take fitarwa da wadda ake shanyewa nan da 2060. Har yau dokar ba ta iso unguwarmu ba.

Roƙonmu, Allah ya ba ka nasara, a umurci hakimai da masu unguwanni su hana ƙona taya da juji a cikin gari, a kuma zauna da sarkin fawa a samo wa mahauta gas, don hani kawai ba zai ciyar da iyalinsu ba. Muna roƙon limamai su ɗauki zancen sare itace a huɗuba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki kan murhu mai tsimin itace da hasken rana. Fada ta sa baki gwamnatin jiha ta kai su gidaje da rahusa kafin damina.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da aka kira mu.

Mu ne talakawanka masu biyayya, mazauna birnin Sakkwato.