Kyamara biyu muna da su, rajistar membobi ce babu

Edita barka da aiki, ya iyali. Na daɗe ina karanta shafin nan na wasiƙu ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya tsaya min a wuya nace bari in rubuto, don nasan fastoci da dattawan ekklisiya da yawa suna karanta jaridar nan ko basu faɗa ba.

Ni sakataren majalisar dattawa ne a wata ekklisiya a kudancin garin Kaduna, ƙetaren gada. Ba zan kama suna ba don ba tonon silili nazo yi ba, kuma laifin da zan faɗa har da ni a ciki. Shekaru goma da suka wuce sujada ɗaya muke yi ranar Lahadi kowa ya samu benci har da sauran wuri, yanzu uku muke yi, ta Hausa da sassafe sai ta Turanci biyu, kuma duk da haka sai an kafa rumfa a waje. Idan baƙo yazo sai ace masa Ubangiji yana ƙara mana, toh amin, amma mu faɗi gaskiya mu ji kunyar Shaiɗan, yawancin waɗanda suka cika mana benci ba sabbin tuba bane. Mutane ne da suka gudo daga ƙauyukan Kajuru da Chikun da wajen Birnin Gwari saboda masu garkuwa, akwai ma ƴan Gwoza da suke tare damu tun 2014, shekarar da Boko Haram suka shiga hedikwatar ekklisiyar EYN a Kwarhi, jihar Adamawa. Majami'un ƙauye sun koma kango, tamu ta cika. Wanda ya bar gonarsa da rumbunsa yazo yana haya a ɗaki ɗaya da ƴaƴa shida, abinda yake nema a wurinmu daban ne da abinda muke ta shiryawa a mitin.

Lokacin korona a 2020 da aka rufe wuraren ibada, matasanmu ne suka cece mu, yaro ɗaya ya jingina wayarsa a kan Littafin Waƙoƙi ya haska fasto a Facebook, mutane suka yi sujada daga gida, kowa ya yaba kuma sun cancanci yabo. Daga nan ne abin ya shiga kanmu. Aka buɗe sashen midiya, aka yi baiko na musamman Lahadi uku a jere, aka sayi kyamara biyu da na'urar haɗa sauti da ƙaton allo da sabon janareto don tsohon baya iya ɗaukarsu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai kuɗin fetur ya fara cin baiko kamar gara, sai majalisa ta yanke cewa kada a tada janareto a sujadar Hausa, ai gari ya waye ana gani. Ina zaune a wurin, ni na rubuta shi a minti da hannuna ban ce komai ba. Yanzu mai wa'azin Hausa da ƴar lasifikar batir yake fama, na baya basa ji, ƙarfe tara nayi sai kaji janareto ya tashi an kunna fitilu masu launi. Wata Lahadi na leƙa in ga mutum nawa ke kallonmu kai tsaye, goma sha ɗaya ne, uku daga ciki yaran midiya ne da kansu suna duba ko sauti na fita.

Abinda yasa na ɗauki waya nake rubutun nan shine wata tsohuwa. Gwauruwa ce, daga ƙauye tazo da jikoki biyu, kullum benci na ƙarshe take zama kusa da ƙofa da zanen zumuntar mata wanda ya koɗe, tana ƙulle baikonta a bakin zane. Tayi sati uku bata zo ba babu wanda ya lura. Maƙwabciyarta mai tuyan ƙosai, musulma ce ma, ita ta kaita asibiti ta biya kati, ita ce kuma tazo har ƙofar coci tana tambaya wai ina shugabannin wurin nan, mamarku ta rasu. Na buɗe littafin rajista in nemo sunanta don sanarwa, babu. Littafin nan mai baƙin bango rabon da a ƙara suna a ciki tun kafin korona. Ranar jana'iza sai da muka tambayi jikanta ɗan shekara goma sha biyu cikakken sunan kakarsa. Muna da bidiyon kowace sujadar Turanci ta shekara huɗu a ajiye, ita ko hotonta babu.

Kuma fa ba yau aka fara ba. Duk wanda ya karanta Ayyukan Manzanni sura 6 yasan da almajirai suka yawaita a Urushalima, ƙorafin farko da ya taso shine ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, wato masu wani yare ne aka bari a baya, kamar dai namu. Manzanni basu ce masu ƙorafi ƴan tawaye bane, suka tara jama'a suka ce ku zaɓi mutum bakwai, aka zaɓi su Istifanas aka danƙa musu aikin. Mu kuwa in ka ɗaga hannu a mitin sai wani dattijo yace ai Baba, wato fasto, ya riga yayi magana, shikenan an rufe baki. Fastonmu mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma shi ke wa'azi shi ke duba gini shi ke sasanta ma'aurata shi ke sa hannu a cek, ko surukin Musa sai da yace masa wannan aikin zai gajiyar da kai, ka naɗa shugabannin dubu da ɗari da hamsin da goma.

Kada wani yace ni maƙiyin na'ura ne, da waya nake wannan rubutun. Iyayenmu ma sunyi amfani da fasahar zamaninsu sosai, sai dai sun san inda suka nufa da ita. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1954, shekarar da aka kafa ekklisiyar ECWA, ƴan mishan na SIM suka buɗe rediyon bishara na ELWA a Laberiya, sannan ga Muryar Bishara da ake haɗa shirinta da Hausa a Jos ana watsawa daga Addis Ababa har zuwa 1977 da sojojin Habasha suka ƙwace tashar. Kakana da ƴar rediyonsa mai batir yake zama a gindin bishiya mutanen unguwa su kewaye shi. Su sun tambayi kansu wane yare mutumin yake ji, me yake da shi a hannu, sannan suka kashe kuɗi. Mu mun duba abinda manyan coci-cocin Legas da Abuja suke yi ne muka kwaikwaya, alhali rabin mutanenmu ƙaramar waya ce a hannunsu, masu babbar ma data sai an yi lissafi.

Da za'a ji tawa, abinda muke buƙata ko rabin kuɗin kyamara ɗaya bai kai ba. A raba membobi gida goma goma bisa unguwa, kowane rukuni da mai kula, a rubuta suna da lambar waya da yare da ƙauyen da mutum ya fito, yaran midiya su zuba a kwamfuta, duk wanda aka yi Lahadi biyu ba'a ganshi ba a kira ko a taka. A riƙa ɗaukar wa'azin Hausa da murya kawai a tura ta WhatsApp, masu ƙananan waya a sa musu a memori. Shugabar zumuntar mata tasan wacce ta haihu da wacce mijinta ya rasa aiki da gidan da ba'a ɗora tukunya ba, duk a kanta, amma idan ana tsara kasafin shekara bata cikin ɗakin, sai in an tashi a kirata a ce mata zasu dafa abincin taro. Matasan ma haka, mun basu waya da igiya su ja amma ba'a taɓa tambayarsu me suke gani ba.

Sai maganar kuɗi, wadda nasan zata ɓata wa wasu rai. Farkon 2023 da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, mutane suka koma tura baiko da zakka ta taransifa, a cikin gaggawa aka bada lambar asusun wani dattijo wai na ɗan lokaci, har yau wasu can suke turawa. Ban ce ya ci ko kwabo ba, amma me zai hana a rufe wannan ƙofar, asusun coci kawai, alat ya shiga wayar mutum uku, duk wata uku a haska rahoton a ƙaton allon nan da muka saya kowa ya gani da idonsa, a karanta shi da Hausa kuma. Allon yana nuna sanarwar bikin aure da kyau, lissafi ne bai taɓa nunawa ba.

Yanzu kuma zancen da ake shine a rushe majami'ar a gina mai bene, alhali akwai membobi da suke hawa keke napep biyu kafin su iso, waɗanda in aka basu mai bishara ɗaya da ɗan fili kusa da su sun tsaya da ƙafarsu. Mitin na gaba zan sake ɗaga hannu ko za'a ce na cika surutu, littafin rajistar kuma na riga na saya sabo da kuɗina, Lahadin da ta wuce na zauna a ƙofa bayan sujadar Hausa na rubuta mutum arba'in da uku kafin janareto ya tashi. Idan akwai sakatare ko fasto a wani wuri da suka gwada tsarin gida goma ɗin nan, don Allah ya rubuto ta shafin nan ya faɗa mana yadda suka yi da masu canza gidan haya duk shekara.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani sakataren ekklisiya, Kaduna ta Kudu