Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiyar Manoma, Dillalai da Masu Safarar Albasa, Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabanni, iyayen ƙungiya da 'yan'uwa mambobi, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin abin da aka gudanar a wannan shekara.

Babban aikin da muka sa a gaba shi ne labarin kasuwa ya riƙa isa ga kowa a lokaci guda, tun daga manomin da ke fadamar Goronyo, Wurno ko Kware, zuwa dillalin kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato, direba, da wakilinmu da ke karɓar kaya a kasuwar Mile 12 a Legas ko ta Bodija a Ibadan. A da, motoci kan yi lodi rana ɗaya ba tare da wani ya san shirin ɗan'uwansa ba, su sauka kasuwa ɗaya a tare, farashi ya karye, albasa kuwa ba ta jure dogon jira cikin zafi da danshin Kudu. Saboda haka muka buɗe zauren WhatsApp inda wakilai ke turo farashin buhu da yawan motocin da ke jiran sauke kaya kowace safiya, da saƙon murya cikin Hausa, domin wanda bai iya karatun boko ba ya amfana. Da wannan bayani ne masu lodi suka fara raba ranakun tashi a tsakaninsu, kuma a ganin kwamiti wannan ita ce nasara mafi girma a bana.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, don haka muka haɗa masu ƙananan kaya su cika mota ɗaya, su raba kuɗin gwargwadon buhunan kowa. Da aka sake buɗe iyakar Nijar a watan Maris na 2024, mun maido da hulɗa da abokan cinikinmu na Birnin Konni ta hanyar Illela.

Akwai abin da ya dame mu ƙwarai, kuma wajibi ne mu faɗa. Har yanzu wasu daga cikinmu suna ɓoye wa manomi ainihin farashin da aka sayar da kayansa, alhali shi ne ya sha wahalar ban ruwa da ajiya, shi ne kuma ke ɗaukar asara idan albasa ta ruɓe a rumbu. Haka nan ƙauyukan da ba su da sabis mai ƙarfi labari yana isa gare su a makare. Kwamiti ya yanke shawarar cewa daga kakar albasa mai zuwa kowane dillali zai nuna wa mai kaya shaidar ciniki kafin ya cire la'adarsa, sannan kowane yanki zai zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa sanar da farashi a bainar jama'a ranar kasuwa. Ana roƙon yankuna su miƙa sunayen waɗanda suka zaɓa ga sakatare kafin taro na gaba.