Gwajin jinin mai ciki ba hukunci ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku ya faɗa har sau biyu cewa gwajin jinin mai juna biyu yana "tabbatar da" lalurar Down (wadda ake haifar yaro da ita, take jinkirta girma da koyo) a jikin ɗan da ke ciki, mai gabatarwa kuma bai tanka ba. Wannan kuskure ne babba, a gyara shi.

Gwajin nan, da ake yi daga mako na 10, yiwuwar lalurar kawai yake nunawa. Ɓurɓushin DNA da yake dubawa a jinin uwa daga mabiyiya suke fitowa, ba daga jikin ɗan tayi ba. Wani lokaci mabiyiya na ɗauke da kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 21 guda uku, abin da ke jawo lalurar Down, alhali jaririn lafiyarsa ƙalau. Idan tagwaye ne ɗaya ya lalace tun da wuri, ragowarsa na iya rikita sakamako. Idan kuma kason mabiyiya cikin ɓurɓushin DNA da ke jinin bai kai kashi 4 cikin 100 ba, galibi ba a samun amsa sam.

Ga lissafin da aka tsallake. A mace mai shekara 25, yiwuwar ɗan cikinta ya zo da lalurar kusan 1 ce cikin 1,200. A tara irinta 12,000, goma ne ke ɗauke da ɗa mai lalurar. Ko da gwajin sau ɗaya tak yake kuskure cikin dubu, mata 12 za a tayar wa hankali a banza. Ke nan fiye da rabin waɗanda aka ce musu "an gani" babu komai. Tabbaci sai an tsakuro mabiyiya tsakanin mako na 11 da 14, ko an zuƙo ruwan mahaifa da allura daga mako na 15, kuma duka biyun suna da ɗan haɗarin ɓari.

Ko an tabbatar ɗin ma, takarda ba ta faɗin yadda yaro zai tashi. Kusan rabin masu lalurar ana haifarsu da matsalar zuciya, amma yawanci tiyata na gyarawa, yau kuma da damansu suna kai shekara 60. Abin da Adrienne Asch, Ba'amurkiya mai kare haƙƙin masu naƙasa, ta daɗe tana ja a kai ke nan: ana ɗaukar siffa ɗaya a rufe mutum gaba ɗaya da ita. Ku kuwa kun yi shirin babu mai lalurar ko iyayensa a wurin.

Sannan don Allah a rage kiɗan da ke tashi ƙarƙashin muryar baƙi. Da ƙyar ake jin alƙaluma.

Naku,
Mai sauraro