Ku daina buga hotunan matan nan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Kitso nake yi a Tudun Wada. Wata yarinya da nake yi wa shuku tun tana firamare, an ce 'yar maɗigo ce don an ga hirarta da ƙawarta a waya. Yayyenta suka fasa wayar, suka aske mata kai tas, yanzu ana shirin yi mata auren dole.

Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, amma ba ta ba kowa lasisin duka ba. Matan nan da ake zargi da maɗigo 'ya'yanmu ne, tare muke cin Kasuwar Barci. Ku ma 'yan jarida, don Allah ku daina buga hotunansu tun kafin a je kotu.

Taku,
Mai kitso, Tudun Wada, Kaduna